Wa'adin Lamunin Karatu Ya Wuce Mu: Ina Mafita?

Jawabin da aka gabatar a taron reshen ƙungiyar malamai, Unguwar Mu'azu



Mun tashi ne a kan wata magana da yawancinmu muke jin nauyin faɗa a bainar jama'a. Yaro ya samu gurbin karatu, an buɗe shafin neman lamuni ko tallafi, har an rufe ba mu cike ba. Mu da muke tsayawa bakin ƙofar makaranta kowace safiya muna tsare masu makara, sai ga shi makara ta cim mana har cikin gida.

Hakan ta faru kwanan baya a gidan ɗaya daga cikinmu. Harafi ɗaya ne ya bambanta tsakanin sunan 'yarsa a takardar NIN da wanda ke takardar JAMB, kafin a gyara wa'adi ya cika. Kunya ta sa yarinyar ta yi shiru mako uku, uban bai ji ba sai da rajistar makaranta ta kusa rufewa. Da muka zauna muka auna, sai muka ga shirun nan ya fi makarar yin ɓarna, domin a cikinsa ne gurbin karatun ya kusa salwanta.

Mu fara da sanin abin da ya wuce mu. A watan Afrilu na 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar lamunin ɗalibai, a ranar 24 ga Mayu na shekarar kuma Asusun Lamunin Karatu na Ƙasa, wato NELFUND, ya buɗe shafinsa. Bashi ne marar ruwa. Kuɗin makaranta yana tafiya kai tsaye zuwa makarantar, kuɗin ɗawainiya naira 20,000 a wata kuma yana shiga asusun ɗalibi. Biya yana farawa ne shekara biyu bayan hidimar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin ɗari na albashi. Abin lura shi ne, kowace shekarar karatu ana sake buɗe shafin. Saboda haka wanda ya makara zagaye ɗaya ya rasa, haƙƙinsa na nema yana nan.

To me za mu yi a tsakani? Da farko, a washegarin ranar mu je ofishin kula da harkokin ɗalibai da ƙafarmu, mu tambaya ko an ƙara wa'adi, domin ya taɓa faruwa, mu kuma tabbatar makarantar ta shigar da bayanan yaron, tun da asusun ba ya tantance ɗalibin da makarantarsa ba ta gabatar ba. Na biyu, mu rubuta takarda muna neman a ba mu damar biya kashi-kashi. In abin ya faskara, mu nemi ɗage zangon a rubuce, mu riƙe kwafi. Yaron da ya ɗage karatu bisa ƙa'ida ɗalibi ne har gobe. Wanda ya ɓace babu sanarwa zai iya komawa ya tarar an share sunansa. Na uku, mu gyara NIN da BVN tun yanzu, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Duk abin da muka biya kuwa, mu adana rasit.

Kada mu manta da Hukumar Tallafin Karatu da Lamuni ta Jihar Kaduna, wadda take da nata lokacin daban. Mu kuma san girman giɓin da muke son cikewa. A watan Agusta na 2023 Gwamna Uba Sani ya rage kuɗin Jami'ar Jihar Kaduna daga naira 150,000 zuwa 105,000, na Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya kuma daga 75,000 zuwa 37,500. Ga albashin malamin firamare kuɗi ne mai nauyi, amma bai fi ƙarfin mutum goma ba. Ɗan uwan namu da kwasar adashe da rancen ƙungiyar gama-kai ya biya, 'yarsa tana aji a yau. Abin da muke roƙo shi ne mu guji manhajojin bashi na waya, masu ruwa mai tsanani, waɗanda ke tona asirin mutum ga duk lambar da ke wayarsa.

Shawararmu ga reshe guda biyu ce. A naɗa mutum uku su riƙa bibiyar ranakun buɗewa da rufewa suna sanar da mu a zauren WhatsApp. A kuma buɗe rajistar 'ya'yanmu da ke manyan makarantu, domin duk wanda wa'adi ya wuce a ji labarinsa cikin kwana biyu. Mu iyaye kuma, in mun koma gida yau, mu gaya wa yaranmu cewa in haka ta faru su faɗa mana a ranar, ba za mu yi faɗa ba sai an gama rajista.

 Allah ya yi wa zuri'armu albarka, ya mai da mu gida lafiya.