Bazara da Kazar Ƙwai: Lacca ga Masu Kiwo a Kafin Hausa

   

An ce in yi magana a kan zafi da kazar ƙwai. Abin da zan tsaya a kai yau guda ne. Yawancin asarar da mai kaji yake tafkawa daga Maris zuwa Yuni a wannan yanki namu, zafi ne tsurarsa yake jawo ta, kuma zafi ba shi da magani a kanti. Maganinsa yana wajen kafintan da ya yi rufin ɗakin, da yaron da ke zuba ruwa, da lokacin da ake ba da abinci.

Bari mu fara da jikin kazar. Zafin jikinta a lafiyar Allah yana kusan digiri 41 a ma'aunin salshiyas, na ɗan Adam kuwa 37. Ga ta lulluɓe da gashi, kuma Allah bai yi mata kafofin gumi ba. Yanayin da ta fi sakewa ta ci ta yi ƙwai shi ne tsakanin digiri 18 zuwa 24. Da an doshi 30 ta fara takura. To mu nan, daga Kafin Hausa zuwa Bulangu, zuwa Haɗejiya da Dutse, rana tsaka a watan Afrilu ma'auni yakan haura 40 a inuwa, a ƙarƙashin rufin kwano kuwa sai abin da ya ƙaru. Abin kuma ba raguwa yake ba: a ranar 3 ga Afrilun 2024, garin Kayes na ƙasar Mali ya ga digiri 48.5, a wannan zirin na Sahel da muke ciki.

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin kaji tsakanin azahar da la'asar a bazara ya san abin da zai tarar. Kaji sun saki fukafukai, baki a wangame, maƙogwaro na kaɗawa. Wasu sun tone shimfiɗa sun manna ƙirji da ƙasa, wasu sun yi cincirindo a bakin mazubin ruwa. Abinci yana nan cike, ba mai kallonsa. Wannan haki shi ne kaɗai gumin kaza, ta nan take fitar da zafi.

Amma hakin yana da tsada, kuma a nan nake so ɗalibai su buɗe kunne. Ɓawon ƙwai ana gina shi ne da sinadarin kalsiyam haɗe da wani sinadari da jini ke samarwa daga iskar kabon. Idan kaza ta yini tana haki, sai ta fitar da iskar kabon fiye da ƙima, ma'aunin jininta ya karkace, kayan ginin ɓawo su yi ƙaranci. Ga shi kuma ta rage ci, alhali tana bukatar kimanin giram 4 na kalsiyam kullum, kusan giram 2 daga ciki a ɓawon ƙwai ɗaya suke tafiya. Ƙwai yana ɗaukar awa 24 zuwa 26 kafin ya kammala a cikinta, kusan awa 20 daga ciki a wajen yin ɓawo. Shi ya sa washegari za ka ɗauki ƙwai ka ga ya ƙanƙance, launinsa ya koɗe, ka ɗan danna da babban yatsa ya lotsa. Wani ma a leda yake fitowa, ba ɓawo sam. Mai shayi ya karɓi kiret, kafin ya isa teburinsa huɗu sun fashe, gobe ya ce sai an rage masa kuɗi.

Mu yi lissafi na misali. Mutum yana da kaji 500, suna ba shi ƙwai 85 cikin ɗari, wato 425 a rana, kiret 14 da 'yan kai. Zafi ya sauko da su zuwa 65 cikin ɗari, ya koma 325. Kiret uku da ɗoriya ke nan suke salwanta kullum ba tare da kaza ko ɗaya ta mutu ba. A 2024 ma azumi ya faɗo a wannan lokaci, daidai sa'ar da kasuwar ƙwai ta fi ci.

Me mai kaji yake yi idan ya ga haka? Da farko ya zargi mai sayar da abinci, ya ce an yi masa algus. Daga nan ya garzaya kantin magani a haɗa masa ƙunshin maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya zuba a ruwa kwana biyar. Wannan kuɗi ne aka zubar. Babu ƙwayar cutar da za a kashe, maganin kuma yana bin ƙwan zuwa cikin 'ya'yanmu, yana kuma koya wa ƙwayoyin cuta taurin kai, ta yadda ranar da cutar gaske ta zo ba zai yi aiki ba. Gaskiya ne zafi yana raunana garkuwar jiki, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To a toshe tsagar mana. Ita kuwa annobar da muka fi sani, wadda likitoci ke kira Niyukasil, ta fi ɓarna da hunturu, kuma rigakafi ake yi mata, irin wanda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom take samarwa. Shi ma rigakafin, in aka ɗauko shi a aljihu cikin rana ba ƙanƙara, yana iya mutuwa kafin a iso gida. Da asuba ake ba da shi, da ruwa mai sanyi.

Yanzu ga inda aikin yake. Ɗakin kaji a ƙasarmu tsawonsa ya miƙe daga gabas zuwa yamma, don kada rana ta shiga ta gefe. Gefunan nan biyu su kasance raga, katangar ƙasa kada ta wuce gwiwa, rufi ya yi tsawo, bakinsa ya zarce bango sosai. Ina yawan ganin ɗakuna da aka gina da bulo har sama, da 'yar taga kamar ta shago, wai don tsoron ɓarawo da muzuru. Wanda ya yi haka ya gina tanda, ya zuba dukiyarsa a ciki. In an riga an yi rufin kwano, a shimfiɗa masa karan dawa ko bunu ko zana a sama, ko a shafe shi da farar ƙasa. Ba mu rasa kara ba a Jigawa. A dasa darbejiya ta yi inuwa, a riƙa sassabe rassan ƙasa don iska ta wuce. A rage cunkoso tun kafin Maris: kaza biyar a murabba'in mita ɗaya ta isa, in an samu ƙasa da haka ya fi. Ɓuntun shinkafa da muke samu a arha daga Haɗejiya shimfiɗa ce mai kyau, amma a bazara a rage kaurinta, don tarin kashi da ɓuntu shi ma zafi yake fitarwa.

Sai ruwa, wanda a ganina shi ne rabin maganar. Kusan kashi uku cikin huɗu na abin da ke cikin ƙwai ruwa ne. A yanayi mai daɗi kaza tana shan kimanin ninki biyu na nauyin abin da ta ci, a bazara sai ta ninka wannan. Amma kaza ba ta son ruwa mai ɗumi, in ya yi zafi sai ta ƙaurace masa ko da ƙishi na cinta. Ku dubi abin da muke yi: baƙin tankin roba a kan ƙarfe, a tsakiyar rana, da bututu a fili. Ƙarfe biyu na rana ka tara hannu ka ji, ruwan wanka ne. A yi wa tanki rumfa, a naɗe shi da jiƙaƙƙen buhun algarara, a binne bututu, a sauya ruwan mazubi sau da yawa. Mai kaji kaɗan, randar ƙasa a inuwa ta wadatar da shi. Bitamin C da bekin soda a ruwa suna taimakawa, amma likitan dabbobi ne zai faɗi awo, kada a yi da ka.

Muna da wata sa'a da mutanen kudu ba su da ita: zafinmu na Maris da Afrilu busasshe ne. Jiƙaƙƙen buhu da aka rataye a raga ta inda iska ke shigowa yana sanyaya ɗaki sosai. Haɗarin yana ƙarshen Mayu da farkon Yuni, lokacin da hadari ke haɗuwa ya watse, iska ta yi nauyi da laima. A irin wannan rana haki ba ya fitar da zafi yadda ya kamata, yayyafa ruwa a ɗaki kuma ƙara dagula lamari yake. A nan ne ake kwasar gawa da yamma, kuma manyan kaji masu ƙiba su ke fara tafiya. Wadda ta galabaita a tsoma jikinta a ruwa mai sanyi banda kai, a ajiye ta inda iska take.

Abinci kuwa, narkar da shi kansa yana haifar da zafi a jiki. A ba da kaso ɗaya cikin uku da asuba, a ɗauke mazubi da hantsi, a ba da sauran bayan la'asar, tare da garin ƙashi ko dutsen kalsiyam mai tsakuwa-tsakuwa, tunda da dare ake ginin ɓawo. Mai fitilar sola ya kunna musu awa ɗaya ko biyu da tsakar dare su ci su sha cikin sanyi.

Akwai abin da ba a cika lura da shi ba. Da yawanmu muna sayen 'yan tsaki a Oktoba, bayan kaka, lokacin da kuɗi ya shigo masara ta yi sauƙi. Kaza tana fara ƙwai a mako 18 zuwa 20, ta kai ganiyarta wajen mako 28. Ku ƙirga: ganiyar ta faɗo a Afrilu. Wanda ya sayo a Mayu ko Yuni zai sha tsadar abinci da cututtukan damina, amma kajinsa za su kai ganiya da sanyi. Kowa ya auna da aljihunsa, sai dai ya auna da saninsa.

Iyayenmu mata masu kajin Hausa sun daɗe da sanin cewa kwancin bazara baragurbi ya fi yawa a cikinsa, don zafi yana rage ƙarfin zakara yana kuma lalata ƙwai kafin a kwanta masa. Sun kuma san shazumama da kazar nan mai wuya ba gashi sun fi jure rana. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Zariya ta samar da kazar ƙwai ta ShikaBrown domin yanayin ƙasar nan. Wannan layi ne da ya kamata a ci gaba da bi.

Kirana ga Jami'ar Sule Lamido da ke garin nan, da Jami'ar Tarayya ta Dutse, da kwalejin Binyaminu Usman ta Haɗejiya, da malaman gona na hukumar raya aikin gona ta Jigawa, wato JARDA: a tura ɗalibai da ma'aunin zafi su shiga ɗakunan kajin mutanenmu, su gwada rufin kwano da na kara, ruwan tanki da na randa, su rubuta sakamakon da Hausa a kai wa masu kiwo. Ku kuma masu kaji, aikin rufi da rumfar tanki a gama shi a Fabrairu, kafin rana ta buɗe.