Likitar Da Ta Kai Kukan Marasa Lafiya Majalisa

Yau za mu yi magana a kan aikin wakili, watau mutumin da a ke aikawa majalisa don ya yi magana da bakin jama'arsa. Ku da kuka iya karatu yanzu, nan gaba da kanku za ku riƙa karanta labarin majalisa, ba sai an karanta muku ba. To, ya kamata ku sami mudun da za ku auna wakili da shi. Zan ba ku labarin wata mace ta ƙasar Indiya, sunanta Muthulakshmi Reddy. Sunan yana da nauyi a bakinmu, saboda haka za mu riƙa ce da ita Likita Reddi. Daga aikinta za ku gane akwai ciwon da allura ke magani, akwai kuma wanda sai doka.

An haife ta cikin shekarar 1886 a Pudukkottai, wata ƙaramar masarauta a kudancin Indiya, zamanin da Turawan Ingila ke mulkin ƙasar. Ubanta malami ne, har ya taɓa riƙe shugabancin kwalejin sarkin garin. Uwarta kuwa ta fito daga cikin waɗansu mata ne da a ke kira dewadasi. Ku riƙe wannan kalma, za mu komo kanta. Dangin uban ba su so wannan aure ba, suka juya masa baya.

Yarinya ta tashi da kaifin hankali. Da ta ci jarrabawar makaranta, sai ta nemi shiga kwalejin sarki, inda mace ba ta taɓa shiga ba. Gari ya ɗauka. Waɗansu iyaye suka ce in aka karɓe ta za su janye 'ya'yansu maza. Sarki bai saurare su ba. Ya ba ta izni, ya kuma taimaka mata da kuɗin karatu. A cikin aji sai aka rataya labule tsakaninta da samari, ta bayansa ta ke jin darasi.

Cikin 1907 ta shiga makarantar koyon aikin likita ta birnin Madras, wanda tun 1996 a ke kira Chennai. Ta gama a 1912, ta kama aiki a asibitin gwamnati na mata da yara. Cikin 1914, tana da shekara 28, ta auri wani likita ɗan'uwan sana'arta, Sundara Reddy, bayan ya yi mata alkawari zai girmama ta, ba zai kuma tauye ta ba.

A wannan asibiti ne idonta ya buɗe. Ta ga ƙananan yara mata da aka yi wa aure tun jikinsu bai yi ƙwari ba, an kawo su suna naƙuda. Wata ta rasa ɗan, wata ta rasa ranta, wata ta tashi da lahani. Kun ga, likita yana iya ɗinke rauni yau, amma ba shi da ikon hana a kawo masa wata yarinyar gobe. Wannan iko yana hannun masu yin doka.

A lokacin nan Madras babban lardi ne, yana da Gwamna, yana da majalisarsa ta yin dokoki, kamar yadda aka kafa Majalisar Arewa a Kaduna cikin 1947. Waɗansu wakilai jama'a ke zaɓensu, waɗansu Gwamna ke naɗawa. Cikin 1926 aka yarda mata su ma su zauna a ciki. Ƙungiyar Matan Indiya ta ba da sunan Likita Reddi, aka naɗa ta. Ita ce mace ta farko da ta zauna majalisar dokoki a ƙasar Indiya ta hannun Ingila. Da aka shiga 1927, wakilai suka haɗa baki suka zaɓe ta mataimakiyar shugaban majalisa.

Me ta yi da kujerar? Ta kawo shawara a buɗe asibiti na musamman domin yara. Ta nemi likitoci su riƙa zagaya makarantu suna duba lafiyar 'yan makaranta, har da 'yan mata, gama rigakafi ya fi magani. Ta tsaya a kan a ɗaga shekarun aure, tana gaya wa wakilai abin da ta gani da idonta a ɗakin haihuwa. Ba ita kaɗai ke wannan kira ba. Cikin 1929 babbar majalisar ƙasa ta yi doka, kada a aurad da yarinya sai ta kai shekara 14, yaro kuma 18.

Yanzu mu komo kan dewadasi. A waɗansu wurare na kudancin Indiya akwai wata tsohuwar al'ada. A kan ɗauki yarinya tun tana ƙarama a keɓe ta ga ɗakin bauta, ta koyi rawa da waƙa. Daga ran nan ba ta da halin yin aure kamar sauran mata. Da yawansu a ƙarshe su kan faɗa hannun masu dukiya, su riƙe su ba aure. Likita Reddi ta san wannan al'amari tun daga gida, mai ɗaki kuwa shi ya san inda ya ke yoyo.

Ku lura da dabarar da ta yi. Ta duba ta ga abin da ya ɗaure al'adar shi ne gona. An ba gidajen dewadasi gonaki bisa sharaɗin su riƙa yi wa ɗakin bauta hidima. Gidan da ya daina ba da 'ya, gonarsa na iya kuɓuce masa. Saboda haka ta fara ta nan. Cikin 1929 majalisa ta gyara doka, aka raba gonar da hidimar, yadda mace za ta ci gonarta ba sai ta keɓe 'yarta ba. Sa'an nan a 1930 ta kawo shirin dokar da za ta hana al'adar ɗungum.

Nan aka ja daga. Waɗansu manya suka ce ana taɓa addini da al'adar kakanni. Har waɗansu dewadasi da kansu suka rubuta takardar kuka, suka ce su masu sana'ar rawa da waƙa ne, ana ɓata musu suna, ana kuma so a raba su da abincinsu. Maganarsu tana da abin dubawa. Ita kuwa likita ta tsaya a kan cewa yarinya ƙarama ba ta san abin da a ke zaɓa mata ba. Dokar ba ta tabbata ba sai a 1947, bayan Indiya ta sami mulkin kai. Shekara 17 ke nan.

Cikin 1930 ɗin nan Turawa suka kama Gandi, jagoran masu neman mulkin kai, saboda ya karya dokar gishiri. Likita Reddi ta ajiye kujerarta don nuna ƙin yarda, amma ba ta ajiye aikin ba. A shekaran nan waɗansu 'yan mata uku suka guje wa keɓewa, suka zo Madras, suka rasa masauki. Ta sauke su a gidanta. Daga nan aka sami asalin Gidan Avvai, inda marayu da 'yan mata marasa galihu ke samun abinci da makwanci da ilmi.

Saura aiki guda, wanda ya fi daɗewa a ranta. Cikin 1923 ƙanwarta ta rasu da ciwon daji, wanda waɗansu ke kira sankara. Ita ta yi jiyyarta har ƙarshe. A 1925 ta tafi Landan ƙaro ilmi, ta ga asibitin da aka keɓe domin wannan ciwo, ta ga ana warkad da waɗansu in an kama shi da wuri. Ta ƙudura sai an yi irinsa a Madras. Mutane da yawa suna ganin ɓarnar kuɗi ce, don a zatonsu mai wannan ciwo mutuwa kawai ya ke jira. Ita da ƙungiyar mata suka yi ta bin jama'a suna tara gudummawa. Cikin 1952 Firayim Minista Nehru ya aza harsashi. A 1954 aka buɗe asibitin a unguwar Adyar da gado 12 kacal, shekara 31 bayan rasuwar ƙanwarta. Sannu ba ta hana zuwa. Yau yana cikin manyan asibitocin ciwon daji na Indiya. Ita kuwa ta rasu a 1968, gwamnatin jihar Tamil Nadu kuma ta sa sunanta a kan taimakon kuɗi da ta ke ba mata masu ciki.

To, jama'a, ga mudun da na yi muku alkawari. Zamanta na wannan majalisa bai wuce shekara huɗu ba, amma ta shiga ta san abin da ya kai ta. In mai neman wakilci ya zo ƙofar gidanku, ku karɓe shi da mutunci, sa'an nan ku tambaye shi. Yaushe rabonsa da asibitin garinku? Ya san ko akwai magani, ko akwai ungozoma? Ya san rijiyar da ku ke sha? Wace doka zai nema, ta ina kuma zai ɓullo mata? In an zaɓe shi, ku bi labarinsa a jarida, ku ga ko ya buɗe baki a kan abin da ya faɗa muku. In kun ji shiru, ku ɗauki alƙalami ku rubuta masa takarda, tun da yanzu kun iya.

Abu na ƙarshe. Duk wannan aiki ya faro ne daga uba guda da ya bar 'yarsa ta yi karatu, mutane na zaginsa. Wanda ke da 'ya a gida, ya yi tunani a kan wannan. Ku sauka lafiya.