Yaran da ba su cikin karne



Zan fara da lissafi guda. Hukumar lafiya ta duniya OMS da UNICEF sun ce a shekarar 2024 jarirai miliyan 14.3 a duniya ba su samu ko allura ɗaya ta rigakafin mashaƙo, tarin shiƙa da sarƙe-haƙora ba. Wasu sama da miliyan 5 an fara musu, ba a ƙarasa ba. Kusan rabin waɗanda ba a taɓa yi wa ba suna ƙasashen da yaƙi da rikici suka ɗaiɗaita. A Sudan da Yaman asibitoci sun rushe, ma'aikata sun gudu. Wani wurin kuma nisa ne, ko rashin lantarkin da zai riƙe sanyin magani, ko jita-jita.

To mu ina ruwanmu? Ku tuna 2023. Mashaƙo ya ɓarke a Kano, ya kama yara a Matamaye da sauran yankin Damagaram. Cutar da iyayenmu suka ɗauka ta zama tarihi ce ta dawo, kuma waɗanda ba su da rigakafi ta fi kayarwa. Ciwo ba ya tsayawa a duwan ya nuna takarda.

Ga abin da nake so ku riƙe. Ɗigon shan inna da ake bi gida-gida ana yi, ba shi ne cikakken rigakafi ba. Uwa da yawa na ganin an ɗiga wa ɗanta, shi ke nan an gama. A'a. Akwai allurar mako 6, mako 10, mako 14, sai ta ƙyanda a wata 9, da ta biyu bayan ya shekara. Ƙyanda kuwa sai yara 95 cikin 100 sun samu allura biyu sannan take rasa hanyar yaɗuwa a gari.

Mu da muka yi lakkol, aikinmu a nan mai sauƙi ne. Yau in ka koma gida, ka ce wa inna ko yaya ko matar wa ta ɗauko karnen jariri. Ka karanta mata, ka duba layin da ba a cike ba. In akwai, ka raka ta likita, ko yaron ya wuce lokaci ana iya cike masa. In aka ce magani ya ƙare, mu rubuta ranar, mu tambayi hukuma dalili, don haƙƙin yaro ne.

Allah ya raya mana su.