Lacca: In Ƙarfin Baƙin Mai Ya Faɗi a Injin Babbar Mota

Yau maganarmu a kan babbar mota ce, irin mai shan gas, wadda ke kwasar albasa da tumatir da shanu zuwa Legas ko Fatakwal. A cikinku akwai waɗanda 'ya'yansu yaran mota ne. Akwai masu ɗora kaya. Akwai kuma waɗanda suka haɗa kuɗi suka sayi mota. Saboda haka maganar nan ta shafi kowa. In inji ya buga a daji, mai mota ya yi hasara, mai tumatir ma ya yi.

To, mu fara da aikin baƙin mai. A cikin inji ƙarfe ne ke juyawa a kan ƙarfe, fiye da sau 1,000 a minti ɗaya. Akwai wani babban ƙarfe mai juyawa, makanikai suna ce masa karanshaf. Yana kwance a kan waɗansu 'yan ƙarafa masu santsi, su ne ake kira metal. Ratar da ke tsakaninsu kamar kaurin gashin kai take. Baƙin mai ne ke cika ratar nan, ya hana su gogar juna. In babu shi, sai su yi zafi, su cinye juna.

Man nan yana zaune a cikin kwano a ƙasan inji. Famfo ne ke zuƙo shi ta cikin wata 'yar rariya, ya tura shi cikin filta, watau matata. Daga nan sai ya bi ƙananan ramuka ya kai ko'ina. Turin nan da famfo ke yi shi ne ƙarfin mai.

Ku lura da wannan da kyau. Agogon mai da ke gaban direba ba yawan mai yake nunawa ba. Ƙarfinsa yake nunawa. Kwano yana iya cika da mai, amma ƙarfi ya faɗi. A yawancin manyan motoci, in ana tafiya, allurar agogo tana tsayawa tsakanin 30 da 60. In inji yana sulo, kada ta yi ƙasa da 10. Wani agogon kuwa lissafinsa dabam ne, 2 zuwa 4 yake nunawa. Kowace mota tana da littafinta, a ciki an rubuta adadin da ya dace da ita.

To, ana cikin tafiya sai allura ta faɗi, ko jar fitila ta kama. Me za a yi?

Na farko, a tsaya. Direba ya ratse gefen hanya, ya kashe inji nan take. Kada ya ce bari ya kai garin da ke gaba. Inji marar ƙarfin mai yana iya lalacewa cikin 'yan mintoci. Sauri kan haifi nawa. Yaron mota ya sa weji a taya, ya sa alama a baya don masu zuwa.

Na biyu, a auna mai. A bari kamar minti 10, mai ya koma kwano. Motar kuwa ta kasance a wuri shimfiɗaɗɗe. A zaro sandar awo, a goge ta da tsumma mai tsabta, a mayar, a sāke zarowa. Akwai zane biyu a jikinta. Mai ya tsaya tsakaninsu. In ya kāsa zanen ƙasa, a ƙara, sa'an nan a leƙa ƙarƙashin mota a ga ko yana yoyo. Kada a cika ya wuce zanen sama, domin karanshaf zai riƙa kaɗa shi har ya yi kumfa, famfo kuwa ba ya iya tura kumfa da ƙarfi.

Na uku, a dubi kamannin man. A murza shi tsakanin yatsu biyu, a sansana. In ya tsinke kamar ruwa, yana warin gas, ya kuma ƙaru ba wanda ya ƙara, to, gas ne ke zuba a ciki. Sau da yawa laifin nozil ne. In ya koma kamar shayi mai madara, ruwan lagireto ne ya shiga. In kuwa ana ganin ƙyalli-ƙyalli kamar garin ƙarfe, metal ya fara ci. Cikin ukun nan, ko wanne aka gani, kada a ta da inji. A kira makaniki. A kuma dubi agogon zafi, domin in inji ya yi zafi ainun, mai yakan tsinke. Amma kada a buɗe murfin lagireto sai ya huce.

Na huɗu, a gwada agogon kansa. Wani lokaci inji lafiyarsa lau, agogo ne ke ƙarya, ko waya ta tsinke. Makaniki yana da nasa agogon na gwaji. Zai ɗaura shi a jikin inji, ya ta da shi na ɗan lokaci. In agogonsa ya nuna daidai, gyaran kaɗan ne. Amma kada kowa ya yanke wa agogo hukunci da ka. Waɗansu sukan cire ƙwan jar fitila don kada ta dame su. Wannan kamar mutum ne ya kori karen da ke yi wa ɓarawo haushi.

Na biyar, a dubi filta da rariya. Datti yana toshe su, mai ya rasa hanya. Makanikin kirki yakan yanka tsohuwar filta ya duba cikinta, ko akwai ɓarɓashin ƙarfe.

Na shida, sai a shiga cikin inji. Akwai wata 'yar ƙofa kusa da famfo, wadda ke buɗewa in ƙarfi ya yi yawa. In datti ya maƙale ta a buɗe, mai sai ya riƙa komawa kwano. Famfo ma yana tsufa. Metal kuma yana cinyewa. Ga alamarsa: da safe allura tana sama, in inji ya ɗauki zafi sai ta faɗi, balle a sulo. Ku masu noman rani kun san tiyo. In ka matse bakinsa da yatsa, ruwa ya fita da ƙarfi. In ka saki, ƙarfi ya ragu. Haka metal yake. In ratar ta faɗaɗa, mai ya zurare, ƙarfi ya faɗi. Zuba mai mai kauri ba ya gyara shi, ɓoye ciwon kaɗai yake yi.

Kun ga yadda muka bi abin. An fara da mai sauƙi, wanda yaro ma zai iya, aka ƙare da mai wuya. Kada a yarda a kwance inji tun ba a auna mai ba, ba a gwada agogo ba.

Rigakafi kuwa ya fi magani. A auna mai kowace safiya kafin a tashi. A juye shi a kan lokaci, a sāke filta tare. A sayi irin man da littafin mota ya faɗa. Yawancin manyan motoci 15W-40 suke sha, an rubuta lambar a jikin galan. A tabbata galan ɗin a rufe yake, ba a taɓa buɗe shi ba. Man kwalba na bakin hanya ba a san asalinsa ba. Araha ba ta ado. Da lokacin hunturu kuma a riƙa share matatar iska, domin ƙura in ta shiga inji tana cin ƙarfe.

Ku kai wa 'ya'yanku da direbobin garinku wannan magana. Sai mun sāke haɗuwa.

Tambayoyi

1. Me agogon mai yake nunawa?
2. Me direba zai fara yi in jar fitila ta kama?
3. In mai ya yi kamar shayi mai madara, me ya shiga ciki?
4. Don me ba a so a cika mai ya wuce zanen sama?