Aikin Gayya da Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa

Ba sai an koya wa mutumin ƙasar nan ma'anar gayya ba. To, masana kimiyya ma sukan kira gayya, sai dai tasu ta kwamfuta ce. Sukan yanka babban lissafi gunduwa-gunduwa, su aika ta intanet ga na'urorin 'yan sa kai, kowace ta nome kunyarta sa'ad da mai ita ba ya aiki da ita, sa'an nan ta mayar da amsa. Ta haka ne shirin malariacontrol.net na masanan Suwizalan ya yi nazarin yaɗuwar zazzaɓin cizon sauro daga 2006 zuwa 2016.

Wace na'ura ce ta fi amfani a wannan gayya? A da, saurin bugun ƙwaƙwalwarta ake dubawa. Amma wajen 2005 ƙara saurin ya faskara saboda zafi, sai maƙera suka koma ga sauya fasalin ginin. Suka zuba ma'aikata da dama cikin ƙwaƙwalwa guda, suka kuma faɗaɗa hannun kowane. Tsarin SSE na 1999 lamba 4 yake sarrafawa a tashi ɗaya, AVX na 2011 yana ɗaukar 8, AVX-512 kuwa 16. Watau bambancin fartanya da garmar shanu ke nan. Ƙwaƙwalwar zana hoto ta fi su duka, domin ƙananan ma'aikata dubbai gare ta, kuma lissafin gayya, da yake maimaici ne, ya dace da ita ƙwarai.

Shirin Folding@home, wanda aka fara a Jami'ar Stanford ta Amurka a 2000 don binciken cututtuka, ya kai lissafi biliyan sau miliyan a daƙiƙa guda a 2007, bayan shigowar na'urar wasa ta PlayStation 3. A 2020, lokacin annobar korona, ya ninka wannan sau dubu, ko da yake tururuwar sababbin 'yan sa kai ma ta taimaka.

Sai dai a kula. Sabon gini ba ya amfanar manhajar da ba a rubuta dominsa ba, saboda haka wajibi ne a riƙa ɗauko sabon zubi. Batun wuta kuwa shi ya fi shafarmu. Sabuwar na'ura takan gama aiki da kaɗan daga wutar da tsohuwa za ta sha, don haka tayar da janareto domin tsohuwar kwamfuta ɓarnar mai ce kawai. Wanda ya dace da aikin shi ne mai farantin hasken rana da wuta ke yi masa saura da tsakar rana. A zafin Maris da Afrilu a rage wa na'ura kaya, a kuma share ƙurar hunturu daga fankarta. Ma'aikacin gwamnati kuwa kada ya sa kwamfutar ofis cikin gayya sai da izinin shugabansa.