Jawabin Magatakarda a Taron Cikar Shekara: Notin Birki Ba Ya Faɗuwa Sai Ya Yi Gargaɗi



Ma'aji ya riga ya karanta lissafin kuɗi, don haka mu a ofishin magatakarda za mu yi magana a kan abin da ke ɗauke da mu da jarinmu duk mako, wato mota, musamman birkinta. Daga Kano zuwa Katsina kusan kilomita 170 ne, daga nan zuwa Maraɗi ta Jibiya kusan 90. Wasunmu kuma Maigatari suke ci ranar Alhamis su wuce Damagaram. Duk wannan tafiya, ga ramuka, ga ƙura, ga lodi har sama, notuna 'yan ƙalilan ne ke riƙe da birkin kowace taya.

A tayar gaba akwai faifan ƙarfe, diski, da ke juyawa tare da taya. Akwai kalifa da ke matse shi da wasu 'yan faranti biyu, waɗanda a garejin Kano ake kira fad, a Maraɗi a ce plaket. A yawancin motocinmu noti biyu ne ke riƙe kalifa a mazauninta, wasu manya biyu kuma su riƙe mazaunin a ƙafar mota. A baya, inda ake da dram, sifirin da 'yan ƙananan ƙarafa ne ke riƙe shu. Idan noti ɗaya ya fita, kalifa na iya karkacewa ta daki cikin rim, taya ta ƙulle, ko ta ja tiyon man birki har ya tsage. In mai ya tsiyaye, direba zai taka ya ji ƙafarsa ta nutse.

Amma noti ba ya faɗuwa rana ɗaya, sai ya yi gargaɗi. Ga alamomin da ko fasinja zai iya ganewa.

Na farko, ƙarar "ƙwas" sau ɗaya da zarar an taka birki, musamman in an yi ribas sannan aka yi gaba.

Na biyu, kacau-kacau daga wajen taya a hanya mai gargada, wanda ke yin shiru da an ɗan ɗora ƙafa a birki. Wannan ita ce babbar shaida. In ƙarar ta ci gaba duk da an taka, galibi daga wani wuri take. In ta ɗauke, a duba birki.

Na uku, mota ta riƙa ja gefe ɗaya in an taka.

Na huɗu, in an tsaya a shinge ko a kan iyaka, a kusantar da bayan hannu ga rim ɗin kowace taya, kada a taɓa diski domin yana ƙuna. In ɗaya ta fi 'yar'uwarta zafi sosai, ko ana jin ƙauri, wani abu ya cije.

Na biyar, a murɗa sitiyari har ƙarshe, a haska bayan taya da fitilar waya. A duba ko kawunan notuna suna nan, ko akwai sabon karce mai sheƙi a cikin rim, ko jiƙar mai a jikin tiyo. Wannan bai kai minti biyar ba.

Yaushe ya fi kamata a sa ido? Bayan gyara. Duk lokacin da aka canza fad ko diski, sai an kwance waɗannan notuna. In ana gaggawa, yaron gareji ya ɗaura da hannu da niyyar ya dawo ya matse, sai a kira shi wani aiki. Wani lokaci kuma noti ya ɓace a sa wanda ba nasa ba, ko a yar da 'yan ƙarafan da ke hana fad rawa a ce ba su da amfani. Ba muna zargin makanikanmu ba ne. Sau da yawa mu ne muke tsaye a kansu muna cewa kasuwa za ta watse.

Saboda haka muna roƙon abu uku. Direbobi, kada a yi gyaran birki da safiyar tafiya. A yi tun jajibiri, a tsaya a gani da ido an matse kowane noti da sifana, a zaga gari da motar ba lodi, kuma a sake duba notunan taya bayan kilomita 50 zuwa 100. Fad da ya rage milimita 3 a canza shi, kada a ce zai kai wani zuwan.

Masu motoci, araha ba ta ado. Kuɗin noti na asali bai kai kuɗin kwana ɗaya a daji da kaya ba, balle rai.

Mu kuma 'yan kasuwa, Alhaji ko Hajiya da ta yi shatar mota tana da ikon tambaya: "Malam direba, yaushe aka taɓa birkin nan?" Wannan ba raini ba ne. In kuma aka ji ƙara a hanya direba ya ce zai tsaya, kada mu matsa masa don gudun rufe kasuwa. Kada mu yarda a ɗaure kalifa da waya, ko a toshe tiyon taya ɗaya a ci gaba da cikakken lodi. Gara a sauke kaya a nemi wata mota. Kuma mu rage ƙarin buhu bayan an gama lodi, domin duk nauyin da muka ƙara, birki ne ke biyansa.

Muna neman shugabanni su sa wannan duba na minti biyar cikin ƙa'idar tasharmu kafin kowace mota ta tashi. Allah ya tsare hanya, ya ƙara albarka a kasuwa, ya nuna mana taron baɗi da rai da lafiya.