Tikitin Jabu a Ƙofar Filin Wasa: Kada Mu Yi Cinikin Biri a Sama

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan sa kai na ƙungiyarmu ya gabatar a taron iyaye a unguwar Bronx, birnin New York



Abin da ya tara mu yau ƙarami ne a ido, amma yana cin kuɗin cefane, yana kuma kunyata uba a gaban 'ya'yansa. Maganar tikitin jabu ce na shiga kallon wasan besbol. Wani zai ce, mu da muka tashi da Kotoko da Hearts, ina ruwanmu da ƙwallon da ake bugawa da kulki? Ruwanmu shi ne yaranmu. A nan aka haife su, wannan wasa suka buɗe ido suka gani. Filin Yankee yana nan kusa da mu a titi na 161, jirgi mai lamba 4 da jirgin D duk suna tsayawa a bakinsa, kuma ƙungiyar tana buga wasa 81 a gida kowace shekara, daga bazara har ƙarshen Satumba. Yaro yana hango taron ta tagar jirgi, abokansa na makaranta suna ba shi labari, wata rana sai ya ce, "Baba, yaushe za ka kai mu?" Ta wannan tambayar macuta suke samun ƙofa.

Yawancinmu 'yan kasuwa ne. Wadda ta sayar da atamfa a Makola ko Kejetia tana shafa ta sau ɗaya ta san ta gaske da ta bogi. Wannan gwanintar ce take sa mu saki jiki, alhali tikitin yau ba kayan da ake shafawa ba ne. Yanzu tikiti a cikin waya yake, a manhajar MLB Ballpark ko ta Ticketmaster. Abin da mai gadi yake haskawa da na'ura wata lamba ce mai zane-zane, kuma wannan lambar tana sauyawa da kanta bayan ɗan lokaci. Saboda haka hoton tikiti da wani ya turo maka ta WhatsApp ba tikiti ba ne, ko da sunan ƙungiya da ranar wasa da lambar kujera duk sun fito daidai. Kuma lamba ɗaya sau ɗaya take buɗe ƙofa. Macuci yana iya sayar da hoton kujera guda ga mutum goma, ya karɓi kuɗin kowa.

Ta hanya uku abin ya fi zuwa. Ta farko, mutumin da ke tsaye tsakanin tashar jirgi da ƙofar fili, yana cewa abokansa sun fasa zuwa, zai ba ka a rabin kuɗi. Ta biyu, talla a Facebook ko Craigslist, ko saƙon da ake ta turawa a zaurukan WhatsApp, mai tallar ya ce ka tura kuɗi ta Zelle ko Cash App tukuna. Ta uku, shafin intanet da aka yi wa kwalliya da tambarin ƙungiya, sunansa ya bambanta da na gaske da harafi ɗaya ko biyu. Dukkansu makaminsu ɗaya ne, gaggawa: "Akwai wani yana jira, in ba ka biya yanzu ba zan ba shi." In wasan babba ne abin ya fi ƙamari. A 2024, da Yankees suka kara da Dodgers a wasan ƙarshe, kuɗin kujera ɗaya ya haura dala dubu. A irin wannan rana, wanda ya ce zai ba ka a ɗari biyu ai ya riga ya gaya maka ko shi wane ne.

Wani ɗan'uwanmu direba ya kawo mana kukansa. Ya yi wa yaransa uku alkawari in sun ci jarrabawa. Ya ga talla, ya tura kuɗin tikiti huɗu, aka turo masa hotuna. Ranar wasa suka yi ado, suka bi layi, na'ura ta ƙi karɓa. Ya kira mai tallar, waya a kashe. Ya ce mana kuɗin bai yi masa ciwo ba kamar tafiyar komawa gida, yara sun yi shiru a cikin jirgi, ba wanda ya iya kallon wani.

To, ga abin da muke roƙon kowane gida ya riƙe.

Na ɗaya, a saya daga shafin ƙungiyar, ko tagar sayar da tikiti ta filin, ko kasuwannin da aka sani irin su SeatGeek da StubHub, waɗanda suke mayar da kuɗi ko su sauya tikiti in ya ƙi aiki. A rubuta sunan shafin da hannu, kada a danna mahaɗin da aka turo.

Na biyu, in daga hannun mutum ne, ko da ɗan zango ne, ya tura tikitin ta cikin manhaja zuwa asusunka, ka gan shi ya zauna a wayarka. Wanda ya ce sai dai hoto, a yi masa sallama. Wani lokaci mai turo tallar shi ma bai san jabu ba ne, turo masa aka yi ya tura.

Na uku, a biya da katin kiredit. Dokar Amurka ta ba ka kwana 60 daga ranar da banki ya aiko takardar lissafi ka yi jayayya a kan kuɗin. Abin da ka tura da hannunka ta Zelle ko Cash App kuwa kamar tsabar kuɗi ne, da wuya ya dawo.

Na huɗu, kada a saya a bakin titi. Dokar jihar New York ta hana sake sayar da tikiti a cikin tazarar ƙafa 1,500 daga babban fili irin wannan. Mai tsayuwa a ƙofa yana talla ya riga ya karya doka, kuma ba shi da rumfar da za ka koma gobe.

Na biyar, mu dattawa mu nuna wa yaranmu wayar kafin mu biya. Sun fi mu sanin waɗannan manhajoji, kuma tambayar ɗanka ba ta rage maka girma. In aljihu bai kai ba, wasannin tsakiyar mako sun fi sauƙi, kujerun can sama ma ana ganin wasa.

In kuma abin ya riga ya faru, kada a goge komai. A ajiye saƙonni, lambar waya da shaidar biya. A kira banki a ranar. A kai ƙara ofishin 'yan sanda, na 44 shi ne mai kula da yankin filin, a kuma sanar da hukumar kare masu saye ta tarayya, FTC, ta shafinta. Mun san wasu suna tsoro saboda takardun zama. Tun 2003 akwai umarnin magajin garin New York da ya hana 'yan sandan birni tambayar takardun wanda aka cuta ya zo kai ƙara. Wanda duk da haka hankalinsa bai kwanta ba, ya zo ofishinmu, za mu zauna da shi, mu yi masa tafinta, mu raka shi.

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi nauyi. Macucin nan da shirunmu yake cin abinci. Wanda aka damfara yana ɓoyewa don kada a yi masa dariya a majalisa, sai maƙwabcinsa ya faɗa ramin nan a mako mai zuwa. Ranar wanka ba a ɓoye cibiya. In wani ya faɗi abin da ya same shi, mu ce masa sannu, mu gode masa, mu yaɗa lambar macucin a zaurukanmu. Iyayenmu mata, ku isar da wannan ga waɗanda ba su samu zuwa ba.

Allah ya tsare mana guminmu, ya shirya mana zuri'a, ya raba mu da sharrin macuta.